Gwal a Cikin Kalmasa

Na san abin da ake faɗa muku duk sanda kuka je gida, ke Halima da ƙanenki Faruku. Dangin babanku suna cewa ni ce na hana shi zama Dakta, na kwaso kayan gidanmu na jibga masa a ka har karatun ya gagara. Ba ku taɓa tambayata ba saboda kunya, amma ina ganin tambayar a fuskarku. Wanda zai ba ku amsa yana kwance a maƙabartar unguwarmu a nan Kuala Lumpur, ni kuma gwiwoyina sun fara yi mini sallama. To bari in rubuta muku yadda abin ya kasance tun ina iya riƙe biro, wanda ya ji haushi ya sha ruwa.

Da sarkin Rasha zan fara, don ba mai gane babanku in bai san wannan labarin ba. Babanku ɗan manomi ne, daga unguwar bayan kasuwa a garinmu. Yana saurayi aka tura shi Rasha karatun injiniya, ya dawo da abu uku: wata hular gashi da ba ta da amfani a ƙasarmu, shan baƙin shayi ba madara, da labarin yadda talakawa suka tumɓuke sarkinsu na ƙarshe. Ni kuwa a gidan hakimi aka haife ni. Yaya Aminu, babban wana, wanda ya gaji rawanin mahaifinmu, bai so aurenmu ba. Ɗan gurguzu yake kiran babanku a bayan idonsa, shi kuma babanku bai taɓa buɗe baki ya ce masa ranka ya daɗe ba, sai dai ya miƙa masa hannu a tsaye kamar sun haɗu a tasha. Ni kuma ya laƙaba mini Gimbiya don tsokana, sunan ya bi ni har yau.

Kun sha jin labarin a kan tabarmar cin abinci, har kuna haɗa ido kuna dariya in ya ɗauko shi. Yakan ajiye cokali ya gyara zama ya ce:

"Sarki ne mai son iyalinsa, Gimbiya, wannan ba wanda ya musa. Amma kunne ɗaya gare shi, matarsa ta riƙe, ita ma wani malamin tsibbu ya riƙe nata. Ana yaƙi, 'ya'yan talakawa suna mutuwa a fagen daga, mata suna daskarewa a layin burodi. Ranar da suka gaji suka fito titi, aka turo soja su buɗe musu wuta, sojan suka koma bayansu. A cikin jirgin ƙasa ya sa hannu ya sauka daga karagar da gidansu ya shekara ɗari uku a kai."

Daga nan sai ya ce an tsare shi da matarsa da 'ya'yansa mata huɗu da autansu namiji mai ciwon jini, ana yawo da su daga wannan gida zuwa wancan, masu gadin da suke sara musu jiya suka koma yi musu tsawa. A ƙarshe aka kashe su duka a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa. Nan yakan yanke, bai taɓa faɗar yadda aka yi kisan ba. Saukar sarkin ba ta taɓa ba shi tausayi ba, cewa yake tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wuri ɗaya ne muryarsa take canzawa, in ya zo kan sarkin Ingila na wancan zamani. Ɗan uwan sarkin Rasha ne na jini, iyayensu mata ciki ɗaya suka fito, kama kuwa kamar an tsaga kara. An aika musu cewa su zo za a ba su mafaka, daga baya ya ji tsoron kada nasa talakawan su ji haushi, ya sa aka janye tayin.

"Wanda ya harba maƙiyi ne, yana da dalilinsa," in ji babanku. "Amma mutum ya ce wa ɗan uwansa taho, sannan ya rufe ƙofa? Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai maratayinsa."

Ni dai saƙa ko ɗinki nake yi in yana wannan wa'azi, in ce masa Allah Ya jiƙan Musulmi, miƙo mini zare.

Sai da gemunsa ya yi furfura sannan burinsa ya samu. Yana koyarwa a kwalejin fasaha ta jiharmu aka ba shi gurbin digirin digirgir a nan, gwamnatin jiha ce take ɗauke da nauyinsa. Muka tattaro muka zo, muka kama ɗan gida a hawa na sama a wani dogon bene. Shi yana jami'a daga safe zuwa magariba, ni kuma na kafa keken ɗinkina. Nakan hau LRT, jirgin ƙasa na cikin gari, in sauka a tashar Masjid Jamek, in taka zuwa titin 'yan yadi na Jalan Tuanku Abdul Rahman in sari yadi, in dawo in ɗinka wa matan 'yan karatu hijabai da dogayen riguna. Ba mutumin da na taɓa gani yana son abu kamar yadda babanku ya so wannan digirin. Mahaifinsa bai iya rubuta sunansa ba, shi kuma yana so ya koma unguwar bayan kasuwa a kira shi Dakta. A shekarar da nake ba ku labari, aikin ya kusa kammala, 'yan watanni suka rage ya kare shi a gaban malamai.

A shekarar ce garinmu ya kama da wuta. An yanka filayen fadama an ba wani kamfani, kuma da hannun Yaya Aminu aka yi. Ba zan wanke shi ba don yana ɗan uwana. Dattawa sun je sun yi masa magana bai ji ba, maganar matarsa Yaya Rabi da ta 'yan fadansa kaɗai take shiga kunnensa. A cikin gonakin da aka karɓe har da ta kakanku, wadda babanku ya yi noma a cikinta yana yaro. Matasa suka tashi, suka ƙona ofishin hakimi, suka tare hanyoyin fita gari. Gwamnati da ta ga abin zai taɓa ta, sai ta tuɓe wa Yaya rawani don ta sanyaya zukata, ta kai shi wani gidan gwamnati a gefen gari ta sa masu gadi, wai don tsaron lafiyarsa. Aka baza jita-jita cewa dukiyar da ya tara tana hannun matarsa da 'ya'yansa, za su fice da ita. 'Ya'yansa mata uku ne: Safiya babbar, ta gama sakandare, sai Nana, sai 'yar auta Ummi da ba ta daɗe da shiga firamare ba. Umarnin tsarewa Yaya kaɗai ya shafa, yaran suna iya fita, amma fita zuwa ina, alhali a kowace hanya akwai masu jiransu da gora da adda?

Da labarin ya iso, babanku bai yi murna a fili ba, na ba shi wannan. Abin da ya ce kawai shi ne ya sha faɗa. Na haɗiye maganar da ta zo mini baki, don ina da buƙata a wurinsa. Bayan kwana biyu na same shi yana ɗaura takalmi zai fita, na ce:

"Malam, yaran nan suna da fasfo tun zuwansu umara. In aka samu mai gayyatarsu, za su iya zuwa nan."

"Su zo mana," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Me yara suka sani?"

Na buga wa Yaya Rabi waya a ranar na ce mata an ce su zo. Ta yi kuka, ni ma na yi.

Kun san mutanenmu a ƙasar waje, magana ba ta kwana a ciki. Ban san ta ina ta fita ba, amma kafin Juma'a ta kai kunnen Alhaji Tanko, wannan da yake yi wa ɗalibai hidimar biza da tikiti da aika kaya, wanda ba jami'in jiha da zai sauka Kuala Lumpur bai kwana a hannunsa ba. Ya zo bayan sallar Juma'a da ledar abinci da ya yo mana tapau, wato ƙunshin tafi-da-gidanka, daga wani gidan cin abincin Larabawa a unguwar Bukit Bintang. Ina kicin ina haɗa shayi, ƙofa a buɗe, na san kuma da gangan yake ɗaga murya don in ji.

"Malam Isiyaku, ni shawara kawai na kawo. Sponsorship ɗinka, tallafin karatun nan, a hannun mutanen gwamnatin jiha yake. Ranar da sunanka ya hau gayyatar yaran nan, ranar za a ce ta hannunka ake fitar da dukiyar. Za su yanke, kuma za su kira ka gida. Saura me ya rage maka? Ka bari ka karɓi abinka tukuna mana. Yara ba inda za su je."

"Matsalar ke nan, Alhaji, ba inda za su je," in ji babanku.

"To kai ka tsare su? Kuma ka tuna gonar wa aka cinye. Ƙannenka fa suna cikin masu zanga-zangar nan. Me za ka ce musu?"

Na fito da shayin, na dire tiren da ƙarfin da ya fi ƙarfin ladabi. Alhaji Tanko ya ce sannu da aiki Hajiya, na ce yawwa, na bar sauran a cikina.

Daga ranar babanku ya yi shiru. Bai ce ya fasa ba, bai kuma je ya yi abin da ake yi ba. Ya fita da sassafe, ya dawo ya ci abinci kansa a ƙasa, ya shige ɗaki ya tasa kwamfuta a gaba. In na ce Malam ya maganar nan, sai ya ce ana dubawa. Kullum da rana, lokacin da gari yake wayewa a gida, Yaya Rabi za ta bugo ta ce ya ake ciki, ni kuma in ce mata ana dubawa. Ta gaya mini an canza masu gadi, sababbin ba sa gaisuwa, ɗaya har ya leƙa ta tagar ɗakin Safiya yana dariya. Ta ce an fara jifan rufin gidan da duwatsu. Matan da suke kawo mini ɗinki suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kowa tana tsoron a ce an gan ta a gidan ƙanwar tuɓaɓɓen hakimi. Ke Halima har kika tambaye ni da Turancinki ko an yi mana mutuwa ne, na daka miki tsawar da ba ki cancanta ba.

Maganar sarkin Ingila tana bakina safe da yamma. Na san in na jefa masa ita za ta same shi a inda yake ciwo. Amma ban jefa ba. Na ga yadda mutumin nan ya ƙare idonsa a kan littattafai, na san abin da nake roƙo ya saka a wuta, kuma don 'ya'yan mutumin da ya raina shi ya cinye gonar ubansa. In zai yi, ya yi da zuciyarsa, kada gobe ya ce na ɗaure shi da harshensa. Sai dai ina gaya muku gaskiya, a kwanakin nan na ji tsoron mijina ba shi ne mutumin da na zata ba, kuma wannan tsoron ya kusa kai na yaran ciwo.

Wata Asabar da rana yana zaune a tabarma yana cin shinkafa da miya, ni ina kan keke ina ƙarasa wata riga, wayar ta shigo. Hannuwana suna kan yadi, sai na sa ta a fili na ajiye a gefen keken. Muryar Yaya Rabi ta fito a hankali, kamar mai magana a cikin bargo.

"Binta, ke ce telar gidanmu, ki koya mini wani abu. Na kwashe gwalagwalaina da na marigayiya Hajiya mahaifiyarku, sarƙoƙi da awarwaro da 'yan kunne, ina ɗinke wa yaran a cikin kalmasar zannuwansu da cikin rigunan ciki. Ko ba mu fita ba, su fita da abin da za su riƙe kansu. Amma na Nana yana ƙara in ta yi tafiya. Yaya ake yi kada ya yi motsi?"

Kun san al'adarmu, mace ba ta da asusun da ya wuce gwal ɗinta, kuma tun kakanninmu in tafiyar tsoro ta kama, a jikin tufa ake ɓoye shi. Ban ga aibun abin ba ko kaɗan. Har na fara ba ta amsa irin ta masu sana'a, na ce ta naɗe kowanne da auduga, ta bi shi da ɗinkin hannu ƙanana ƙanana. Sai na ji ƙarar cokali a kan faranti. Na juya na ga babanku ya miƙe tsaye, fuskarsa ta yi wani iri, ban taɓa ganinta haka ba ko ranar da aka gaya masa rasuwar mahaifinsa.

"Me ta ce tana ɗinke musu?"

"Gwal," na ce.

Ya zo ya ɗauki wayar da hannun da bai wanke ba. Shi da Yaya Rabi sun yi shekaru ba abin da yake haɗa su sai gaisuwar Salla.

"Hajiya, Isiyaku ne. Ki ɗauki reza ki farke duk abin da kika ɗinka. Yanzu, kafin ki yi komai. Kada ki bar ko zobe a jikin yarinya ɗaya."

Ta fara cewa ai gadonsu ne, in ta bari a gidan za a kwashe. Ya ce a kwashe. Sai muka ji motsi, muryar Yaya Aminu ta shigo, a dushe amma da sauran izzar nan tasa.

"Wa yake ba da umarni a gidana? 'Ya'yan gidan nan ba za su fita hannu rabbana kamar 'yan gudun hijira ba. In ma fitar ce, ba a ɓoye za su yi ta ba."

Na zata babanku zai mayar masa da zafi. Sai ya zauna a kan kujerar kekena, ya sassauta murya.

"Akwai wani yanki na labarin sarkin Rasha da ban taɓa gaya wa iyalina ba, don ba na cin abinci ba ne. Yau zan gaya maka. Matar sarkin ita ma haka ta yi. Ta sa 'ya'yanta mata suka ɗinke lu'ulu'u da duwatsu masu daraja a cikin rigunansu na ciki, suna jiran ranar da wani ɗan uwa zai zo ya fitar da su. Ranar da aka saukar da su ɗakin ƙasa aka buɗe wuta, uban da uwar nan take suka huta. 'Yan matan kuwa harsashi yana dukan duwatsun yana zamewa. Suna raye, suna ganin komai, suna ihu a lungu. Da wuƙar bindiga aka ƙarasa su. Abin da uwarsu ta ɗinka musu don ya cece su, shi ya tsawaita musu azaba."

Ni kaina sai da na ajiye allurar da nake riƙe da ita.

"Matasan da suka tare hanyar nan na san su," ya ci gaba. "'Ya'yan maƙwabtanmu ne, wasu jinina ne. Gwal ɗin nan suke nema. In suka laluba suka ji shi a jikin yarinya, ba wanda zai iya riƙe su, ko ni ne a wurin. In ba su ji komai ba, yara ne kawai a cikin mota."

Da Yaya ya buɗe baki, ba muryar hakimi ba ce.

"Malam Isiyaku, maganar gonar mahaifinka..."

"Ba maganar gona muke yi ba, ranka ya daɗe. Ka ba ni yaran."

Shekara da shekaru Yaya yana da rawani a ka babanku bai faɗi wannan kalma ba, sai ranar da ba rawanin. Na ji Yaya yana jan hanci a waya, na juya baya don kada in ji sauran.

Ranar Litinin babanku bai je jami'a ba. Ya je ya sa sunansa da lambar fasfonsa a matsayin mai masaukin yaran, a ofishin Alhaji Tanko ma ya fara tsayawa don kada a ce a ɓoye ya yi. Sannan ya kira ƙanensa, baffanku Sale direban bas, wanda da ƙafarsa ya je zanga-zangar. Sun yi ta ɗaga wa juna murya a waya, na ji babanku yana cewa in ka ƙi, ka ƙi, amma ka sani kai za ka riƙa tuna fuskokinsu. A ƙarshe Sale ya yarda. Akwai suna da za a yi a danginsu a wani gari, mata za su cika motarsa ranar kasuwa. Aka shirya yaran su fito ta ƙofar baya da kwanukan abinci, cikin tsofaffin atamfofi, su shige tsakiyar gwaggonninku.

Ranar tafiyar na kasa zaman gida. Na ce zan je kasuwar Masjid India in sayo wa yaran zannuwan gado da abin salla, babanku ya ce zai raka ni, mutumin da bai taɓa bina kasuwa ba tunda aka ɗaura mana aure. Muka yi ta zagaye shagunan, ina ɗaga yadi ina ajiyewa ban san launinsa ba, shi yana biye da ni da leda a hannu ɗaya, waya a ɗaya. Hadari ya haɗo, ruwan yamma ya sauko kamar da bakin ƙwarya, muka fake a wani shagon mamak, irin na Indiyawa Musulmi masu sayar da shayi da abinci. Yaron shagon ya kawo mana shayi, ya huce a gabanmu ba wanda ya taɓa. Sale ya ce zai kira da zarar sun wuce shingen da matasa suka kafa a gada, kuma ta lissafinmu ya kamata a ce sun wuce tuni. Babanku ya kira, wayar a kashe. Ya sake kira, a kashe. Na ce masa ko caji ne ya ƙare, ya ce ko shi ne, ba wanda ya yarda da maganar a cikinmu. Na ga leɓensa yana motsi, mutumin da Yaya yake kira ɗan gurguzu yana ta Hasbunallahu. Aka kira la'asar daga Masjid Jamek, bai motsa ba, sai da aka tayar da salla wayar ta yi ƙara.

"Yaya, mun wuce," in ji Sale, numfashinsa yana fita da ƙyar. "Sun sauke mata duka. Wasu tsofaffi suka sa suna laluba bakin zane da ɗankwali. Sun gane Safiya, wallahi sun gane ta. Ɗaya ya ce 'yar hakimi ce, a duba ta da kyau. Aka duba ba komai. Inna Lami da ke cikin matan da na ɗauko ta ce to ku kashe ta mana don ta je suna, sai suka ji kunya suka buɗe hanya."

Ya ƙara da cewa akwai wata mota a bayansu da matar wani bafade a ciki, an samu sarƙoƙi a ƙugunta. Babanku ya tambaye shi me ya faru da ita. Sale ya ce kada ya tambaye shi, kuma har yau bai faɗa ba. Babanku ya kife wayar a kan tebur, ya rufe fuskarsa da tafin hannu, ni kuma na yi kuka a gaban Indiyawa da Malayawa ban ji kunyar kowa ba.

Abin da ya biyo baya kun san shi, sai dai ba ku san tushensa ba. Alhaji Tanko bai yi ƙarya ba. Aka yanke tallafin, aka ce ya dawo gida ya amsa tambayoyi, da bai koma ba aka sallame shi daga aiki. Kuɗin jami'a ya fi ƙarfin kekena, ga baki uku sun ƙaru. Ya nemi koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi, a nan ya ƙare rayuwarsa yana Malam Isiyaku. Aikin digirin yana cikin kwali a saman kabad ɗina, bai sake buɗe shi ba, ni ma ban buɗe ba. Danginsa suka ce ya sayar da gonar ubansa a karo na biyu. A al'adar mutanenmu a nan, in baƙo ya sauka daga gida kowane gida yakan aiko da kwanon abinci. Da yaran suka zo ba kwanon da ya hau benenmu. Gidan da aka tsare Yaya kuwa an ƙona shi bayan an ɗauke su zuwa wani gari mai nisa, inda ya rasu bai sake ganin 'ya'yansa ba. Na taɓa tambayar babanku ko yana da-na-sani, ya ce yana jin ciwon digirin kullum, amma ciwo daban, da-na-sani daban. Labarin sarkin Rasha kuwa bai sake ba da shi ba har ya bar duniya.

Ranar da suka sauka nake so ku riƙe. Mun je filin jirgi tun da hantsi. Suka fito a jere cikin tsofaffin atamfofin nan, sun rame, Safiya tana riƙe da hannun ƙannenta, ba jaka a hannun kowa sai leda ɗaya. Na rungume su ina ta sannu, sannu. Babanku yana gefe da hularsa a hannu, bai san yadda ake yi da 'ya'yan sarauta ba. A cikin mota Ummi ta zauna a tsakaninmu, na lura tana ta damƙe gefen zanenta ba ta saki. Da muka isa gida na ce ta kawo in wanke, ta maƙe kafaɗa.

"Gwaggo, Mama ta ce kada in ba kowa."

Na shafa kalmasar, na ji wani abu ƙanƙane mai tauri, an naɗe shi da auduga, an bi shi da ɗinkin hannu ƙanana ƙanana, daidai yadda na koya. Yaya Rabi ta farke komai, wannan kaɗai zuciyarta ta kasa. Da shi yarinyar ta tsaya a shingen gada ana laluba ta. Na zauna a ƙasa.

Babanku ya durƙusa a gaban Ummi, ya ce mata ba karɓewa zai yi ba, ta bari ya gani kawai. Ya ɗauki reza daga kan kekena ya farke ɗinkin a hankali, zare bayan zare. 'Yan kunne ne ƙanana, na mahaifiyarmu, waɗanda aka yi mata tana amarya. Ya juya su a tafin hannunsa ya daɗe yana kallo. Sannan ya kama kunnen yarinyar da manyan yatsunsa, ya yi ta fama har ya samu hudar, ya sa ɗaya, ya sa ɗayan.

"A gidan nan a kunne ake sa shi," ya ce mata. "Je ki wanke hannu, ga abinci."